Awa Goma Sha Uku, In Ji Wayar Kawu

Mahaifiyarmu tana da wata ɗabi'a da muka taso muka tarar, kuma babu wanda ya taɓa iya raba ta da ita. In dai ta san wani nata ya taso yana kan hanyar gida, to ita da gado sun yi hannun riga, ita da abinci ma haka, sai ya shigo ya yi sallama ta amsa da bakinta. Ba alwashi ta ɗauka ba, ba kuma wani malami ne ya ɗora ta a kai ba. In ka matsa mata sai ta ce, "Ba ya wucewa ne. Maƙogwaron ke rufewa, ya kuke so in yi?"

Tun zamanin mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, take haka. Direban babbar mota ne, yana kai dankalin turawa Kudu. Ranar da ya ce zai dawo, za ta gama girki, ta rufe nasa a kwano, ta jawo kujera ta fuskanci ƙofa da carbinta a hannu. Muna yara abin dariya yake ba mu. Da muka girma muka fara tafiye-tafiye, sai kowa ya koyi dabara, ba ka gaya wa Mama ka taso sai ka kusa.

Ni ce 'yar fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, ko "wannan yarinyar", har bayan na aurar da tawa 'yar. Ɗinki nake yi a wani ɗan shago wajen Terminus a nan Jos, cikin waɗanda aka kakkafa bayan gobarar babbar kasuwa, kuma ni ce kusa da gidanmu na Rikkos, gidan da kakanmu ya gina da kuɗin haƙar kuza. Ƙannena mata biyu aure ya kai su wasu garuruwa. Namiji ɗaya ne, shi ne ƙaraminmu, kuma Auta kowa ke ce masa. Karatu ya kai shi Malesiya, ya gama, ya samu aiki, ya yi zamansa. Sau biyu ya zo gida a shekarun nan, kuma duk zuwan sai dai in ji waya, "Yaya, ga ni a Abuja, ki gaya wa Mama." Ban taɓa tambayarsa yaushe ya baro can ba. Wallahi ko a raina ban taɓa kawowa ba. Mutum ya ce jirgi ya hau, ai magana ta ƙare.

A daminar da nake ba da labari, ciwon sugan Mama ya taɓa ƙoda. Ƙafafunta suka kumbura suntum, takalmi ya daina shiga. Mun yi zaman asibiti har masu shara suka san ni, daga baya likita ya ja ni gefe ya ce mu koma gida mu ci gaba da kula da ita. Ta ci abinci a kan lokaci, ta riƙa kwanciya ana ɗora ƙafafun a kan filo. Yadda yake kau da ido yana maganar ya ishe ni bayani. Ina fitowa na kira Auta na ce, "In kana so ka same ta tana gane mutane, ka taho." Ya ce zai nemi izini a wurin aiki.

Wata Talata da hantsi ina ba Mama koko da cokali, sai ga Kawu. Ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutumin kirki, amma tun da 'ya'yansa suka saya masa babbar waya muka shiga uku. Ko ruwa ake yi sai ya duba wayar ya gaya maka za a yi ruwa, kana tsaye kana jiƙewa. Bai gama gaisuwa ba wayata ta yi ƙara. Auta ne, ya ce ga shi a filin jirgi. Na miƙe zan fita tsakar gida in ƙarasa maganar, amma ina, Kawu ya riga ya ji.

"Yaya, albishirinki," ya ce da Mama. "Autanki ya taso."

Na zare masa ido, na yi masa alama da hannu, ko kallona bai yi ba. Shi a ganinsa magani ya kawo mata. Kuma gaskiya fuskarta ta washe, rabon da in ga haƙoranta har na manta.

"Yaushe zai iso?" in ji ta.

Kawu ya gyara gilashi, ya shiga dangwala waya da yatsa ɗaya. Ya rubuta sunan birnin da Auta yake, ya rubuta Jos. Sai ga hoton duniya ya fito, an ja wani siririn layi daga can, ya ƙetare teku, ya zo ya dire a filin jirginmu na Heipang. A ƙasa an rubuta nisan, kilomita dubu goma da ɗoriya, da lokacin da jirgi zai ci a sama.

"Kin gani? Awa goma sha uku. Motar Legas ma ta fi shi daɗewa a hanya. Kafin a rufe ƙofa yau yana gidan nan."

Mama ba ta lissafi da awa. Ta ɗaga hannu tana naɗe yatsu, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i. "Salla huɗu ke nan," ta ce. Ta ture cokalin kokon da bayan hannu. "Ke, tashe ni."

"Haba Mama. Likita cewa ya yi ki kwanta."

"Likita ne ya haifa mini shi?"

Babu yadda ban yi ba. Ƙarshe ni da Kawu muka tallafe ta muka kai ta falo, muka zaunar da ita a tsohuwar kujerar nan mai hannun katako, wadda ke kallon ƙofa. Ta sa na ɗaura mata ɗankwali mai kyau. Sannan ta ce a ɗora gwate, na tsakin masara da yakuwa da gauta da ƙashi, yadda Auta ke so. Na ɗora ina gunaguni, amma a raina na ce salla huɗu dai, a daure. Ni ma na ga layin nan a waya da idona, kuma na yarda da shi.

Muna da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, tsohuwar nas ce 'yar Birom, Sista muke ce mata. Sun shekara fiye da talatin tare da Mama. Duk rikicin da aka yi a garin nan, lokacin da mutane ke kwashe kaya daga wannan unguwa zuwa waccan, ita ta ƙi tashi, ta ce in ta tafi wa zai riƙa yi wa Hajiya faɗa. Tun da aka sallamo mu kullum sai ta shigo ta auna sugan Mama. Ranar tana shigowa ta gan ta a kujera, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Hajiya, wa ya sa ka a nan?" Haka Hausarta take, mace da namiji duk "ka" ne.

"Ɗanki ne ke tafe," in ji Mama.

Sista ta san halin ƙawarta. Ta dube ni, na ɗaga kafaɗa na nuna mata Kawu da baki. Ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta ɗora filo, ta miƙar wa Mama ƙafafu a kai. Wannan kam ta yarda.

Ana idar da Azahar Auta ya sake kira. Na ɗauka a kicin. Ya ce yanzu za su shiga jirgi.

"Yanzu? Tun hantsi me kake yi?"

Ya ce ai da wuri ake zuwa, a yi layi, a auna kaya, a jira. Na ce to, ke nan sai tsakar dare zai iso. Ya yi 'yar dariya irin ta mai gajiya ya ce, "Yaya, wane tsakar dare?" Sannan ya warware mini. Babu jirgin da ke tasowa daga can ya zo Najeriya kai tsaye, balle Jos. Wannan da zai shiga wata ƙasar Larabawa zai kai shi, wajen awa bakwai. A can zai sauka ya jira wani jirgin, kusan kwana. Wancan shi ma wajen awa bakwai zuwa Abuja. Daga Abuja kuma ga hanyar mota. "In Allah ya so, gobe da rana ina gida."

Na ce, "Auta, Kawu ya gaya wa Mama ka taso. Tana kan kujera tun hantsi."

Ya ce, "Yaya, me ya sa? Kina ganin don me nake bari sai na zo Abuja?" Sai na ji ana kiran su a lasifika, ya kashe.

Na samu Kawu a zaure yana shan iska. Ni dai an san ni da baki, amma ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Kawu, da girmanka da komai, ka san abin da ka jawo mana kuwa?" Na zayyana masa yadda tafiyar take. Ya zaro wayar ya miƙo mini.

"Ga shi fa a rubuce. Ba ni na ƙirƙira ba."

"Wane jirgin ne wannan? Tun da kake a garin nan ka taɓa ganin jirgin Malesiya ya sauka a Heipang? Layi kawai suka ja maka, Kawu. Ni ma in ka ba ni alli zan ja maka."

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ni so na yi in ga ta yi dariya." Nan take jikina ya yi sanyi, tausayinsa ya kama ni. Wayar ba ƙarya ta yi ba, lissafin jirgin da babu shi ta yi masa, shi kuma ya ɗauko ya kawo wa 'yar'uwarsa da zuciya ɗaya. Ranar bai koma gidansa ba.

Na shiga falo na gyara fuska na ce, "Mama, an ɗaga tafiyar. Jirgin ya samu matsala, sai gobe za su taso. Zo ki kwanta."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kira mini shi."

Na kira, wayar a kashe. Na sake kira, a kashe.

"Yana sama," in ji ta. "Ke dai tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba, hancinki ke buɗewa."

Sai Kawu ya shigo ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfurarsa, ya ce ya yi kuskuren lissafi, tafiyar ta fi yadda ya faɗa nesa ba kusa ba, don Allah ta kwanta ta ci wani abu. Ta saurare shi har ya gama.

"Ya taso ko bai taso ba?"

"Ya taso."

"To shi ke nan. Tashi, kada gwiwarka ta riƙe."

Da La'asar Sista ta auna, ta ce sugan ya fara sauka. Ta hana a ba ta maganin yamma, ta dama zuma a ruwan ɗumi ta riƙa ɗura mata da cokali. Mama ta karɓa don an ce mata ruwa ne. Na gwada kawo mata gwaten nan, mai zafi, ƙamshin yakuwa ya cika falon. Ta ɗebo cokali ɗaya don ta faranta mini, ta kai baki, ta yi ta juya shi, na ga maƙogwaronta yana motsi amma abin ya ƙi tafiya. Ta mayar a tafin hannunta, idonta ya kawo ruwa. Daga nan ban sake matsa mata ba, na gane ba taurin kai ba ne.

Amma fa raina a ɓace yake, kuma a kicin na sauke wa Sista. Na ce ni ce na rufe shago wata da watanni, ni ce wanka, ni ce wanki, ni ce kwanan asibiti a kan tabarma. Ko sunana ba ta faɗa. Amma an ce Auta ya taso, za ta kashe kanta a kujera saboda shi. Ina faɗa ina kuka, ina goge tukunyar da na riga na wanke.

Sista ta bari na gama, sannan ta ce, "Kai, ranar da kake zuwa Kano sayen atamfa, ina kake tsammani Hajiya yake zama? Ya san ranar kasuwanka. Ni nake zuwa in taya shi hira a kujeran nan har ka dawo. Sai ya ji ka shiga gidanka, sannan ya ce in miƙo masa tuwo." Shekara nawa ina zuwa Kano, ban taɓa sani ba. Na ɗauki tsintsiya na hau share kicin.

Bayan Isha'i, daidai lokacin da wayar Kawu ta ce zai iso, Auta ya kira daga inda suka sauka. Kira ne na bidiyo. Na riƙe wa Mama wayar a gaban fuska. Yana zaune a wata kujerar ƙarfe, jaka a cinya, bayansa fitilu da mutane kala-kala suna wucewa.

"Ina ne nan?" in ji ta.

Ya gaya mata ƙasar Larabawa ce, nan zai jira wani jirgin.

"Saura yaya?"

"Yanzu na yi rabi, Mama."

Ta ƙura masa ido. "Duk zaman nan da na yi, rabi ne?" Ta taɓa zuwa aikin Hajji sau ɗaya, kuma a wurinta nan ne ƙarshen nisa. Ta ce, "Ni duk shekarun nan na ɗauka gaba da Makka kaɗan kake. Ashe Makka ma hanya ce."

Ya shiga roƙonta. Ya ce don Allah, don Annabi, ta kwanta, shi lafiyarsa ƙalau, ga shi tana gani.

"Kai ka kwanta?"

"Babu wurin kwanciya a nan, Mama. Kujera ce."

"To mu biyu ke nan."

A kujerar ta kwana. Ruwa ya sauko, sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Na lulluɓe ta da bargo biyu, na hura gawayi a kasko na ajiye daga nesa, na shimfiɗa tabarma a gefen ƙafarta. Takan ɗan gyangyaɗa, da an taɓa ƙofa ta farka. Ni kuwa numfashinta kawai nake saurare, don tsoro nake ji ƙwarai kada yaron nan ya ƙetaro rabin duniya ya zo ya tarar da tabarmar zaman makoki.

Da safe ta yi salla a zaune. Ƙafafun sun ƙara hawa, fatar har ƙyalli take yi, muryarta ta koma can ciki. Abin da ta fara tambaya shi ne gwate. Na ce yana nan, zan ɗumama. Ta ce, "Ba za a ba ɗana na jiya ba." Na aika aka sayo sabuwar yakuwa, na sake ɗorawa. Na jiyan aka raba wa maƙwabta.

Da hantsi Auta ya sauka Abuja. Ya nemi jirgin Jos, aka ce ranar babu. Ya ɗauki shatar mota. Daga nan sai ya riƙa kira yana faɗin inda yake, ni kuma ina faɗa wa Mama da ƙarfi a kunne. Wannan hanyar kam ta san ta, hanyar mijinta ce. Na ce Keffi, ta gyaɗa kai. Na ce Akwanga, ta ce, "Ya kusa hawa." Har wani ɗan ƙarfi ya dawo mata.

Sai kiran ya ɗauke. Aka yi Azahar shiru. Da ya samu layi ya ce wata tirela ce ta faɗi a Hawan Kibo ta tare hanya, ga ruwa ana yi, motoci sun yi layi iya ganinka, babu mai motsi. Na kalli Mama. Kanta ya karkata gefe, leɓenta ya bushe, carbin ya zame ƙasa ba ta ma sani ba. Sista ta auna ta, ta ja ni gefe ta ce in aka kai La'asar a haka, ko tana so ko ba ta so sai mun kai ta asibiti an sa mata ruwa. A hankali ta faɗa, amma Mama ta ji. Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Kowa ya ɗaga ni daga nan kafin ya shigo, ni da shi."

Kawu yana bakin ƙofa yana ji. Bai yi shawara da kowa ba. Ya karɓi wayata ya ce da Auta, "Sauko daga motar nan. Ɗauki jakarka ka tako da ƙafa, ka wuce tirelar, ka hawo sama. Ga ni nan zuwa." Motar Kawu tsohuwa ce, in ta tashi sai an yi mata addu'a, shi kansa bai cika wuce Bukuru da ita ba. Ranar ya fige ta a cikin ruwan nan ya tafi.

Abin da ya biyo baya jira ne kawai. Sista na ɗura zuma, ni ina matsa mata hannu ina yi mata surutu don kada ta tafi. Na ba ta labarin wata mai kawo mini ɗinki da ke rantsuwa ƙugunta bai ƙaru ba, tef ɗina ne ya motse. Gefen bakinta ya ɗan motsa. Aka kira La'asar, Sista ta dube ni, na kau da kai. Ta duba agogo, ta sake dubana, ta ci gaba da ɗura zuma.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka ji tarin motar Kawu a ƙofar gida. Sai takun mutum a zaure, sai sallama. Ni da Sista babu wanda ya amsa, kamar mun haɗa baki. Mama ta ɗago kai, ta buɗe ido, ta amsa masa da 'yar muryar da ta rage mata.

Ya shigo jiƙe sharkaf, wandonsa duk jan laka har gwiwa, idanunsa sun faɗa. Ya zube a gabanta ya kifa kai a cinyarta. Ta shafa kansa, ta shafa kunnensa, ta ɗago haɓarsa ta duba.

"Ka rame," ta ce. "Ke, zubo masa."

Na zubo gwate a kwano. Ya ɗebo cokalin farko ya kai bakinta maimakon nasa. Ta karɓa, ta haɗiye, muna kallon maƙogwaronta mu duka. Ya wuce. Sista ta juya baya tana share ido da gefen zani, tana cewa, "Hajiya, ka ba ni wahala, Allah ya sani." Kawu ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hularsa. Ta ci 'yan cokula, ta sha ruwa, ta ce ya isa.

Na matso zan kama ta ta ɓangare ɗaya, Sista ta ɗaya, mu kai ta ɗaki. Ta ɗaga mana hannu. Ta dubi Auta.

"Na auna hanyar nan taka da jikina," ta ce. "Da ban san ta ba, yanzu na sani. Ka saurare ni. Ranar da abin ya zo, kada ka taso. Kafin ka kai wurin kujerar ƙarfen nan an dawo daga maƙabarta, kuma ban yarda a ajiye ni ana jiran kowa ba. Ka yi mini addu'a daga inda kake, tana isowa."

"Mama, don Allah ki bar wannan maganar."

"Ba zan bari ba. Ɗa namiji ɗaya gare ni, kuma ranar da za a ɗauke ni ba ka nan. Ɗaukar da za ka yi mini, yi ta yanzu. Kai ni gado."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya goge hannunsa a riga, ya sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaga ta. Na ga ya ɗan yi baya, don ya shirya wa nauyi bai same shi ba. Ta saƙala hannu a wuyansa. Ya bi da ita ta tsakar gida a hankali, yana kauce wa inda ruwa ya kwanta, mu muna biye. Ya kwantar da ita, ya ɗora ƙafafunta a kan filo, ya ja mata bargo. Kafin ya gama gyarawa ta yi barci.

Mako uku ya yi ya koma, izininsa ya ƙare. Mama ta ga ƙarshen damina, ta ga an fara girbi. Wata safiya bayan sallar Asuba ta cika a hannuna, cikin sauƙi. Aka yi mata sutura, aka sallace ta a ƙofar gida, kafin Azahar maza sun dawo. Na kira Auta tun da farko na gaya masa, ya ce zai duba jirgi, na ce, "Ka ji abin da ta ce." Bai taso ba.

Da yamma ya sake kira, gidan cike da mata masu gaisuwa. Na shiga ɗakinta na rufe ƙofa. Ya ce, "Yaya, su wa suka ɗauke ta?" Na lissafa masa, Kawu, da mijina, da 'ya'yana maza, da mutanen unguwa, har ɗan Sista ya bi su ya tsaya daga bakin maƙabarta.

Sai ya ce, "Ba ta da nauyi, ko?"

Na ce masa ba ta da shi.